Kowa Ya Ci Ladan Kuturu: Siyasa Da Dokar Hayaƙi A Jihohin Amurka

Masu karatu, a wannan wata za mu leƙa Amurka, ƙasar da 'yan'uwanmu da yawa na zango suka tafi neman abinci, domin mu ga yadda ake kafa doka yau, gobe a soke ta, ba don komai ba sai don kujerar mulki ta sauya hannu.

Dokar da muke magana a kai ita ce ta hayaƙin kabon, wato iskar da ke fita idan an ƙona kwal ko gas ko man fetur. Mu malaman makaranta mun sha faɗa wa yara cewa wannan iska tana taruwa a sama kamar bargo, ta hana zafi fita, shi ya sa damina ke rikicewa, fari da ambaliya ke ƙaruwa.

A shekarar 2009 jihohi goma na arewa maso gabashin Amurka suka fara aiki da wani shiri na haɗin gwiwa da ake kira RGGI. Tsarin mai sauƙi ne. An ƙayyade yawan hayaƙin da manyan tashoshin wutar lantarki za su fitar, kuma kowace tasha sai ta sayi takardar izini a kan kowane tan ɗaya. Ana gwanjon takardun sau huɗu a shekara, kuɗin kuma su shiga asusun jihohi. Wanda ya rage hayaƙi ya rage kashe kuɗi ke nan.

To, ba a je ko'ina ba sai siyasa ta shigo. A 2011 gwamnan Niyu Jasi, Chris Christie, ya fitar da jiharsa daga shirin, yana cewa haraji ne kawai da ba ya tsinana komai. Kafin nan wata ƙungiya mai suna Americans for Prosperity, wadda attajiran man fetur 'yan gidan Koch suka taimaka aka kafa, ta daɗe tana kamfe a soke shirin. Majalisar jihar ta nemi a koma, gwamna ya hau kujerar na-ƙi. Sai da aka zaɓi Phil Murphy sannan jihar ta koma a 2020.

Haka aka yi a Bajiniya. Jihar ta shiga a 2021, cikin shekara uku ta samu fiye da dala miliyan 800. Doka ta ce rabin kuɗin a gyara gidajen talakawa don su rage shan wuta, kashi 45 cikin ɗari kuma a yi maganin ambaliya. Da Glenn Youngkin ya hau gwamna, sai ya bi ta hukumar kula da tsabtar iska, ba ta majalisa ba, ya fitar da jihar a ƙarshen 2023. A Nuwamba 2024 wani alƙali ya yanke hukunci cewa fitar ta saɓa wa doka, domin abin da majalisa ta ɗaura, majalisa ce kaɗai ke kwance shi.

Mafi muni shi ne abin da ya faru a Ohayo. A 2019 majalisar jihar ta zartar da dokar da ta rage tilasta wa kamfanoni amfani da hasken rana da iska, ta kuma ɗora wa jama'a kuɗin ceto tashoshin nukiliya biyu da na kwal biyu. Daga baya bincike ya tona cewa kamfanin FirstEnergy ya zuba kimanin dala miliyan 60 domin dokar ta wuce. A 2023 aka ɗaure tsohon shugaban majalisar, Larry Householder, shekara 20. Bahaushe ya yi gaskiya: kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Amma ba kullum kuɗi ke yin nasara ba. A 2010 kamfanonin mai biyu na Teksas, Valero da Tesoro, suka kashe miliyoyi don a dakatar da dokar hayaƙi da Kalifoniya ta kafa a 2006. Da aka kai maganar akwatin zaɓe, fiye da kashi 60 cikin ɗari na masu ƙuri'a suka ce a'a, domin an bayyana musu masu biyan kuɗin tallan.

Kada mu yi rashin adalci. Kukan magidanci a kan kuɗin wuta gaskiya ne, kuma mun san shi. A nan Gana ma an kafa harajin hayaƙi a kan motoci da babura a 2023, manyan 'yan takara biyu suka yi alkawarin soke shi a zaɓen 2024, aka kuwa soke shi a 2025. Direban tasi da ɗan acaɓa sun yi murna, kuma ba mu ga laifinsu ba, tunda ba wanda ya nuna musu inda kuɗin za su tafi.

Sai dai hayaƙi ba ya neman biza. Nahiyar Afirka gaba ɗaya ba ta fitar da ko kashi biyar cikin ɗari na kabon ɗin duniya, amma manominmu na arewa ne ke zuba ido ga hadarin da ba ya zuwa a kan kari, mu kuma a zango ruwa ke cin ɗakunanmu.

Saboda haka duk ranar da ɗan siyasa ya zo mana da alkawarin soke wata doka, mu tambaye shi abu uku. Wa ya biya kuɗin kamfe ɗinka? Wa zai ci ribar sokewar? Me za ka kawo a madadinta? 'Yan'uwanmu masu ƙuri'a a Amurka su ma su yi wannan tambaya.

Allah Ya ba mu shugabanni masu amana, Ya kuma ba mu damina mai albarka, amin.