Rigar Tare Iska a Hamadar Madina



Duk wanda ya ziyarci Madina a watan Janairu ya san cewa ba zafi kaɗai hamada ke da shi ba. A cikin haramin birnin dai ba a yin farauta, saboda haka masu farauta da shaho sukan nausa can cikin daji, inda da asuba iska ke kaɗawa tamkar hunturun Sakkwato.

To wai shin me ya sa iska ke ƙara sanyi? Jikin ɗan Adam yakan ɗumama 'yar iskar da ke manne da fata, ita kuwa mai kaɗawar sai ta riƙa kwashe wannan ɗumi. Bisa ma'aunin da Amurka da Kanada suka fitar a shekarar 2001, idan yanayi na digiri 5, iska kuma na gudun kilomita 30 a awa, jiki zai ji tamkar digiri 0 ne. Idan da gumi a jika, abin ya fi tsanani.

Makiyayan Larabawa na da farwa, wato babbar riga mai gashin tumaki a ciki. Tana da ɗumi ƙwarai, amma mai hawa da sauka kan duwatsu sai ya jiƙe sharkaf a cikinta. A nan ne rigar nailan mara nauyi ke da rana: saƙarta a matse take, iska ba ta ratsa ta sosai, kuma in rana ta ɗaga sai a dunƙule ta a cusa a aljihu.

Sai dai fa ita kanta ba ta ba da ɗumi, dole a sa suwaita a ƙarƙashinta. Ga ƙarar da take yi, wadda kan firgita zomo, kuma tartsatsin wutar shayi guda ya isa ya huda ta.