Makarantar katun ta shigo waya: Abin da ke gaban matasan Kudancin Kano

A watan Yulin 2016, sunan garin Kofa da ke Ƙaramar Hukumar Bebeji ya cika kafafen yaɗa labarai. Gwamnatin Tarayya ta shirya gina dandalin shirya fina-finai a garin, wanda aka ce zai ci kimanin naira biliyan 3, har da sashen horar da matasa. Malamai da jama'a da dama suka nuna rashin amincewa saboda fargabar gurɓacewar tarbiyya. Ba da jimawa ba gwamnati ta sanar da janye shirin.

Tun daga lokacin abubuwa sun sauya. Akwai wani reshe na sana'ar fim da a yau ba ya buƙatar fili ko gini, ba ya buƙatar kyamara ko 'yan wasa, wato zane mai motsi, wanda aka fi sani da katun. Matashin da ke Kiru ko Tudun Wada, ko can Riruwai a Doguwa, zai iya shiga ajinsa ta intanet yana zaune a ɗakinsu.

Sai dai shiga aji daban, fitowa da sana'a a hannu daban. Tsakanin biyun ne mafi yawan masu sha'awa ke sarewa.

Mene ne ake koya?

Fim yana nuna hotuna 24 a kowace daƙiƙa, ido kuma ya ɗauke su a matsayin motsi. Masu zanen hannu kan rage aikin ta hanyar barin kowane zane ya tsaya sau biyu, sai ya zama zane 12 a daƙiƙa. Duk da haka, minti ɗaya kacal yana cin zane 720.

Shi ya sa babu makarantar kirki da ke fara wa ɗalibi da labari. Darasin farko kusan ko'ina ɗaya ne: ƙwallo ce ke faɗowa ta daki ƙasa ta tashi. Ɗalibi zai yi ta maimaitawa har sai mai kallo ya gane da ido ko ƙwallon roba ce ko dunƙulen ƙarfe. Daga nan sai buhun gari mai lanƙwasa, sai tafiyar mutum, sai magana da motsin fuska.

Ƙa'idojin da ake bi guda 12 ne, waɗanda tsofaffin ma'aikatan kamfanin Disney biyu, Frank Thomas da Ollie Johnston, suka tattara a littafinsu na 1981. Daga cikinsu akwai yunƙuri kafin aiki. Mai sassabe ba ya kai sara sai ya ja adda baya, ɗan dambe ba ya kai naushi sai ya gyara tsayuwa. Yaron da ya tashi yana kallon masunta na jefa birgi a madatsar ruwa ta Tiga ya riga ya ga wannan ƙa'ida sau ɗaruruwa, sunanta ne kawai bai sani ba.

Makarantu iri uku

Iri na farko su ne makarantun kuɗi na ƙasashen waje. Fitacciya a cikinsu ita ce Animation Mentor, wadda wasu ƙwararru uku, Bobby Beck da Shawn Kelly da Carlos Baena, suka buɗe a Amurka a 2005. Babban kwas ɗinta zango shida ne, kowanne mako 12, wato shekara ɗaya da rabi. Kowane mako ɗalibi zai tura aikinsa, malamin da ke aiki a masana'antar ya duba, ya zana gyara a kai, ya dawo masa da shi. Akwai irinta kamar AnimSchool da iAnimate.

Matsalar ita ce kuɗi. Zango ɗaya ya haura dala 2,000. A 2024, lokacin da dala ta wuce naira 1,500, hakan ya zarce naira miliyan 3, wato fiye da albashin shekara uku na ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Kuma zango ɗaya ke nan cikin shida.

Iri na biyu shi ne na gwamnati. Shirin 3MTT, wanda Ma'aikatar Sadarwa ƙarƙashin Minista Bosun Tijani ta ƙaddamar a 2023 domin horar da 'yan Najeriya miliyan uku a fannonin fasaha, ya sanya zane mai motsi cikin darussansa. Kyauta ne, kuma ana haɗa karatun intanet da haɗuwa ido da ido a cibiyoyi. Ga wanda ke Doguwa, wannan haɗuwar na nufin kuɗin mota da tafiya mai nisa idan cibiyar ba a kusa take ba.

Iri na uku shi ne koyo da kai, kuma nan ne akasarin matasa ke farawa. YouTube cike yake da darussa kyauta. Manhajar FlipaClip tana aiki a wayar Android, ana zane da yatsa. Krita da OpenToonz na kwamfuta ne, ba a biyan ko kwabo. Haka ma Blender, wadda ta zama kyauta ga kowa tun 2002.

Kada a raina kayan kyauta. Da Blender aka yi fim ɗin Flow na ƙasar Latbiya, labarin wata kyanwa da ambaliya ta raba da gida, wanda babu magana ko ɗaya a cikinsa. A watan Maris na 2025 ya lashe kyautar Oscar ta fim ɗin katun, ya doke fina-finan manyan kamfanoni irin su Pixar da DreamWorks.

Abin da kuɗin ke saya

Idan darussa da manhajoji kyauta ne, me ya sa wasu ke biyan miliyoyi? Amsar ita ce gyara. Bidiyo zai nuna wa ɗalibi yadda ake yi, amma ba zai ce masa ƙafar mutumin da ya zana tana zamewa a ƙasa ba. Wanda ba a yi masa gyara zai iya shafe shekara yana maimaita kuskure ɗaya, abokai na yaba masa a Facebook.

Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Yaron tela ba ya zama tela don ya kalli keke. Sai maigidansa ya sa shi ya warware ɗinki ya sake, sau biyar, sau goma.

Don haka wanda ba shi da halin makarantar kuɗi sai ya nemi mai gyara ta wata hanya: zaurukan masu zane a intanet inda ake tura aiki a yi sharhi, ko 'yan uwa masu koyo uku ko huɗu da za su riƙa haɗuwa duk mako suna duba aikin juna ba tare da kara ba.

Wannan ma'auni ne kuma na gane makarantar gaskiya, domin tallan kwas ya yi yawa a WhatsApp da TikTok. Kafin a tura kuɗi, a nemi ganin aikin ɗaliban da suka gama. A tambayi wane ne malamin, kuma wane aiki ya taɓa yi. A tambayi ko akwai mai duba aikin ɗalibi kowane mako. Duk wanda ya yi alƙawarin mayar da mutum gwani cikin mako biyu, ko ya fi yawan maganar satifiket a kan maganar aiki, to a yi hattara.

Wuta, data da Turanci

Waya ta isa a fara, amma ba ta isa a kai ƙarshe ba. Katun mai siffa uku, irin wanda ake yi da Blender, yana buƙatar kwamfuta mai ƙarfi, kuma fitar da hoton ƙarshe na 'yan daƙiƙoƙi kan ɗauki sa'o'i. Idan wuta ta ɗauke a tsakiya, wani lokaci aikin ya koma farko. A garuruwan da ake kwana da kwanaki babu wuta, ƙaramin sola da batir na cikin kayan makaranta, kamar yadda allo da tawada suke.

Data ma haka. A watan Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi da kashi 50 cikin 100. Darasin bidiyo na cin data, shi ya sa sauke darussa cikin dare, lokacin da kamfanoni ke rangwame, ya fi kallon su kai tsaye.

Sai harshe. Kusan duk darussan da Turanci suke, kuma da irin lafazin da ɗan sakandaren ƙauye bai saba ji ba. Wanda ya koya ya dawo yana bayani da Hausa zai cike babban giɓi, kuma wannan ma kanta sana'a ce.

An taɓa yi a Sahel

Ƙarancin kayan aiki bai hana wani ɗan maƙwabta ba. Moustapha Alassane, ɗan Jamhuriyar Nijar da aka haifa a 1942, yana cikin waɗanda suka fara zane mai motsi a Afirka. Makaniki ne kafin ya shiga fim. A 1966 ya fitar da Bon Voyage Sim, gajeren fim kan shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyarar aiki, inda ya yi wa masu mulki shaguɓe. Daga baya ya yi Kokoa, wato kokowa, da 'yan tsana na dabbobi da ke kai juna ƙasa a fili. Ya zauna a Tawa, nesa da manyan biranen fim, ya ci gaba da aiki har zuwa rasuwarsa a 2015.

A Najeriya kuwa harkar na tasowa. Adamu Waziri ya ƙirƙiro Bino and Fino a Abuja domin yaran Afirka su ga masu kama da su a talabijin. A Disambar 2020 aka saki Lady Buckit and the Motley Mopsters, wanda ake ɗauka a matsayin dogon fim ɗin katun na farko a ƙasar. A Fabrairun 2024 Disney ya fitar da Iwájú, labarin Legas ta nan gaba, tare da kamfanin Kugali.

Har tarihin Arewa ya shiga. Roye Okupe ya gina jarumarsa Malika a kan Sarauniya Amina ta Zazzau, aka kuma yi gajeren katun ɗinta a 2019. Labarin na nan gida ne, amma da Turanci aka ba da shi.

Ina kuɗin yake?

Masu ɗaukar aiki a wannan fanni gajeren bidiyo suke nema, na minti ɗaya ko biyu, wanda ya tattara mafi kyawun aikin mutum. Gani ya kori ji. Daƙiƙa 30 masu kyau sun fi minti biyar na rabi da rabi.

Aikin farko ba lalle ya zo daga Legas ko Turai ba. Masu casar shinkafa a Tudun Wada na buƙatar talla da za ta yi yawo a WhatsApp. Makarantu masu zaman kansu da shagunan magani da dillalan taki haka. Ƙungiyoyin lafiya na neman gajerun saƙonni da Hausa kan rigakafi da tsabtar ruwa. Masana'antar Kannywood na buƙatar masu tsara rubutun farkon fim da siddabarun hoto. Daga baya ne ake gwada shafukan ƙwadago na duniya irin su Fiverr da Upwork.

YouTube kuma yana biya, amma ba da wuri ba. Kafin a fara raba kuɗin talla da mai dogayen bidiyo, sai ya tara mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 cikin wata 12. Wanda ya bar gona ko shago saboda wannan tun ranar farko ya yi ganganci. Ya fi kyau a ware sa'a biyu kullum, a ƙara lokaci bayan kaka.

Tambayar iyaye

Abin da ya faru a Kofa ya nuna cewa ba a tsallake ra'ayin jama'a a wannan yanki. Iyaye da yawa za su tambayi hukuncin zana abu mai rai, kuma malamai sun yi saɓani a kai, musamman kan abin da aka yi domin koyar da yara. Matashi ya tambayi malamin da ya amince da shi tun da wuri, ya kuma nuna wa iyayensa ainihin abin da yake yi. Akwai misalai irin Omar & Hana na ƙasar Malesiya, wanda ke koya wa yara addu'o'i da ladabi. Akwai kuma rassan sana'ar da babu zanen mutum a cikinsu, kamar motsa rubutu da taswira da tambarin kamfani.

Yaran Bebeji da Kiru suna kallon katun a wayoyin iyayensu ko an so ko ba a so, kuma mafi yawansa da harsunan wasu ne. Gizo da Ƙoƙi da Botorami na nan a bakin kakanni, kaɗan ne suka hau allo. Wanda zai hau da su yana iya kasancewa a wani zaure a Daɗin Kowa yau da dare, yana jiran waya ta cika da caji domin ya sake zana ƙwallon nan tana faɗowa.