Ranar da Candide ya shigo ajinmu

"Malam, wannan mutumin yabon yaƙi yake yi ko me?" Wata ɗalibata ce 'yar Zongo ta tambaya, fuska a murtuke. Muna kan babi na 3 na Candide, littafin da Voltaire ya fitar a 1759, lokacin da Yaƙin Shekara Bakwai ke cin Turai. Ya zuba wa rundunoni biyu kirari, ga ganguna ga algaitu, sai igwa ta share dubban mutane. Sarakunan biyu kuwa, kowanne ya sa a rera waƙar godiya ga Allah a sansaninsa.

Na ce mata ai gatse ne. Ni ma a makarantar horon malamai sai da na yi tuntuɓe a nan.

Kashegari bayan Magariba mahaifinta ya tare ni a Sainte-Rita, wai ya ji Baturen nan mai zagin addini ne. Ban ɓoye masa ba. Na ce, "Alhaji, yana da wasan kwaikwayo na 1741 da ya taɓa mutuncin Manzon Allah (SAW), wannan kam ba na kare shi. Amma a babin nan bulalarsa kan masu kisa suna fakewa da sunan Allah ta sauka." Na tuna masa Malam Zurƙe na Ruwan Bagaja: wa ya taɓa cewa Abubakar Imam malanta ya zaga?

Alhaji ya yi dariya, ya ce to, yarinya ta ci gaba, amma ta riƙa fassara masa kowane babi da daddare.