Masa a Sakkwato, paniyaram a Tamil Nadu, yakgwa a Koriya: aro ne ko dabara ce ta zo ɗaya?

A kudancin Indiya, a jihar Tamil Nadu, akwai wani abin karin kumallo da ake kira kuzhi paniyaram. Ana jiƙa shinkafa, a markaɗa, a bar ƙullun ya kwana ya tashi, sannan a soya a wani kasko mai ramuka. Duk ɗan Sakkwato da ya ga hoton zai ce ai masa ce. A Koriya kuma akwai yakgwa: garin alkama da aka kwaɓa da man riɗi, aka soya, aka tsoma a zuma. Wannan kuwa alkaki ne sak, sai dai fasalin ya bambanta.

Irin wannan kamanni ya daɗe yana sa mutane tunanin dangantaka. Tun a 1905 wani Ba'amurke mai suna Homer Hulbert ya wallafa littafi yana kwatanta nahawun harshen Koriya da harsunan kudancin Indiya. Akwai kuma labarin gimbiya Heo Hwang-ok, wadda wani littafin Koriya na ƙarni na 13 ya ce ta zo daga wata ƙasa mai suna Ayuta a shekara ta 48 miladiyya ta auri Sarki Suro. Wasu na cewa daga ƙasar Tamil ta fito. Har yau akan jera hotunan kayan ƙwalamar ɓangarorin biyu a intanet a matsayin hujja. Akasarin masana harshe dai ba su karɓi wannan dangantaka ba. To mu da namu ya yi kama da na dukansu biyun fa? Mu ma 'yan uwansu ne kenan? Bari mu bi abin ɗaya bayan ɗaya.

Ƙullun da ke tashi

Shinkafa ba ta da gulutin, wato furotin ɗin nan mai danƙo da ke sa kwaɓin alkama ya riƙe iska ya zama burodi. Don haka duk wanda yake son abin shinkafa mai laushi da ƙofofi a ciki, sai ya warware matsala biyu: ina zai samu iskar, kuma me zai riƙe ta?

Iskar daga ƙwayoyin halitta take zuwa. Idan ƙullu ya kwana, yis da bakteriya masu samar da tsami suna cin sukarin da ke ciki, su fitar da iskar kabon dayoksaid da asid mai ɗan tsami. A ƙullun kudancin Indiya an gano cewa wata bakteriya mai suna Leuconostoc mesenteroides ce kan gaba a wannan aiki. Waɗannan ƙwayoyi sun fi walwala a zafin da ya kai maki 30 zuwa sama kaɗan a ma'aunin Salshiyas, shi ya sa ƙullun masa yake saurin tashi, har ya zarce da tsami, a bazarar Sakkwato, amma da hunturu sai an kai shi wuri mai ɗumi.

Wajen riƙe iskar ne kowa ya bi tasa hanya. Mai masa takan dafa wani kaso na shinkafar ta zuba a ƙullun. Dafaffen sitaci yana ƙara kauri, kumfar ba ta tserewa. 'Yan Tamil suna haɗawa da wani baƙin wake da ake kira urad, wanda furotin ɗinsa da yauƙinsa ke yin wannan aiki. Koriyawa kuma suna da jeungpyeon, wainar shinkafa da ake tayar da ƙullunta da yis ɗin giyar shinkafa, a turara.

Ita tanda fa? Ƙullu mai ruwa-ruwa ba ya tsayuwa da kansa, dole sai da mazubi. Rami yana ba shi siffa, yana kai masa zafi ta ƙasa da gefe a lokaci guda, kuma mai kaɗan yake ci. Shi ya sa za ka tarar da kasko mai ramuka a Japan da Tailan da Denmak.

Haka labarin ƙosai yake. Idan aka buga markaɗen wake, furotin ɗinsa yana kama iska kamar yadda farin ƙwai ke yi. Da an jefa a mai mai zafin maki 170 zuwa 180, kumfar ta buɗe, ruwan ya zama tururi, furotin ya daskare a haka. Vada ta 'yan Tamil wannan dabarar ce da waken urad. Bindaetteok na Koriya ma markaɗen koren wake ne, amma shi a faifaice ake soya shi.

Dalilin da alkaki ke wata bai lalace ba

Ƙosai ba ya kwana biyu, amma alkaki da nakiya suna daɗewa a ɗakin amarya. Sirrin yana cikin abin da masana abinci ke kira kuzarin ruwa, wato yawan ruwan da ke sake wanda ƙwayoyin cuta za su iya amfani da shi. Ana auna shi daga 0 zuwa 1. Tsantsar ruwa yana kan 1. Akasarin bakteriya masu ɓata abinci ba sa yaɗuwa ƙasa da 0.91, kuma ƙasa da 0.6 ko fumfuna ba ta tsira. Zuma tana wajen 0.6.

Suya tana korar ruwa, sukari kuma yana ɗaure wanda ya rage. Alkaki da yakgwa duk sun haɗa biyun: a soya har ciki ya bushe, sannan zuma ko ruwan sukari ya cike gurbin ruwan da ya fita. Tsamiya ko lemun tsamin da ake sa wa ruwan sukarin alkaki ma ba don ɗanɗano kaɗai ba ne: asid yana raba sukarin gida biyu, sai ya ƙi komawa tsakuwa-tsakuwa. Launin ja-ja da ƙamshin nan kuwa daga haɗuwar sukari da furotin ne a kan wuta, abin da Bafaranshe Louis-Camille Maillard ya bayyana a 1912.

Ka ga kuma inda al'ada ta biyo kimiyya. Alkama da mai da zuma kaya ne masu tsada a da, abin da aka yi da su kuma yana jure ajiya da tafiya. Sai ya zama kayan biki: alkaki a gara, yakgwa a bukukuwan aure na Koriya tun zamanin daular Goryeo (918 zuwa 1392), adhirasam na garin shinkafa da mazarƙwaila a bikin Deepavali na 'yan Tamil.

Kantun riɗi ma yana da tagwaye: ellu urundai a Tamil Nadu, da gangjeong na riɗi a Koriya. Idan aka dafa sukari ya kai wajen maki 150, kusan duk ruwansa ya ƙone, yana hucewa sai ya daskare kamar gilashi ya riƙe ƙwayoyin. Wannan gilashin yana jan danshin iska, shi ya sa kantu ke yin laushi da damina in ba a rufe shi ruf ba.

Yadda ake gane aro na gaskiya

Ba cewa ake ba a aro. Ana yi, amma aro yana barin sawu. Ga tambayoyi uku.

Ta farko, me sunan yake faɗa? Kalmar alkama daga Larabci take, al-ƙamh. Alkaki daga al-ka'ak. Alewa daga halwa. Ayarin Sahara ne ya kawo su. Abin sha'awa, garin Tirunelveli na Tamil Nadu ya shahara da wata alewar alkama da suke kira alwa, daga wannan kalmar Larabcin. Nan kam akwai zumunci, amma ta hannun Larabawa da Farisawa. Sukari ma asalin kalmar daga Indiya ne, ta biyo ta Farisanci da Larabci ta iso mu. Masa da paniyaram kuwa sunayensu ba su da wata alaƙa.

Ta biyu, akwai sananniyar hanyar da mutane suka bi? A Bahia ta Brazil ana sayar da acarajé, ƙosai ne da aka soya a manja. Mun san jiragen bayi sun kwashi mutanen Afirka ta Yamma zuwa can, sunan kuma ya fito daga akara na Yarbanci. Suna da hanya da kayan haɗi duk sun yi daidai.

Ta uku, yaushe kayan haɗin suka iso? Gyaɗa 'yar Kudancin Amurka ce, ba ta iso Afirka da Asiya ba sai bayan shekarar 1500 ta hannun Turawan Fotugal da Sifen. Kenan alewar gyaɗa tamu, da kadalai mittai na 'yan Tamil, da gangjeong na gyaɗa ba za su zama gadon wani kaka na shekara 2000 ba. Kowa ya ɗauki sabon abu ne ya zuba a tsohuwar dabarar sukari. Shinkafa ma iri biyu ce: Oryza sativa ta Asiya, da Oryza glaberrima da aka fara nomawa a yankin kogin Neja kimanin shekara 3000 da suka wuce, wadda fadamun Sakkwato da Rima suka daɗe da sani. Ba sai mun jira Asiya ba kafin mu san ƙullun shinkafa.

Masana halittu suna da misali: jemage da tsuntsu duk suna da fiffike, amma ba gado suka yi daga kaka ɗaya mai tashi ba, iska ce ta tilasta musu siffar. Sitaci da furotin da sukari ma dokarsu ɗaya ce a Tsohuwar Kasuwa da Madurai da Seoul.

Abin da ya rage mana

Inda suka fi mu shi ne rubutu da rajista. A 2020 Indiya ta ba alewar gyaɗar garin Kovilpatti shaidar kariya ta asalin wuri, ta yadda ba kowa zai sa wa hajarsa sunan ba. Koriyawa sun rubuta girke-girkensu tun ƙarnoni da suka wuce, yau ga yakgwa a kwali ana fitarwa ƙasashen waje. Namu awon alkaki da nakiya yana kan tsofaffi, kuma kowace ta rasu ta tafi da nata. Aikin ba ya buƙatar babban ɗakin gwaji: sikeli, ma'aunin zafi, littafi, da ɗalibin da zai zauna gaban Inna ko Goggo ya rubuta awa nawa ƙullu ya kwana, a wane wata, da wace irin shinkafa. Daga nan ake fara sanin abin da ya sa masar wata unguwa ta fi ta wata.