Kwamfutarka Na Zafi? Dakata Kafin A Canja Mata Ƙarfen Sanyaya

Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin rana kan haura digiri 40 a tsakiyar jihar Katsina, koken masu laftof ɗaya ne: fanka na ƙugi, ƙasan kwamfutar ba ya taɓuwa, ana tsakiyar aiki ta ɗauke ɗif. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, kwamfuta ta zama kayan karatu a garin Dutsin-Ma. A Kurfi ma da ita masu buga takardu da cike fom ɗin JAMB ke cin abinci. Da yawan kwamfutocin kuwa na hannu ne, sun sha aiki a Turai ko Amurka kafin su iso mana.

Idan ka kai gyara, ba mamaki ka ji an ce, "Alhaji, hitsink ne ya mutu, sai an sa sabo." To, ka ɗan dakata.

Hitsink shi ne ƙarfen da ke kwance a kan firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, yana zuƙe mata zafi. A laftof, wani siririn bututun jan ƙarfe ne mai ɗan ruwa a rufe a ciki. Zafi ya mai da ruwan tururi, tururin ya tafi ɗaya bakin inda fanka ke hura wasu siraran faranti, ya huce, ya dawo. Firosesa da yawa na kamfanin Intel kan rage gudu da kansu idan suka kusa digiri 100, in abin ya ci tura su kashe kwamfutar don kada su ƙone.

Wannan ƙarfe ba ya cika lalacewa. Abin da ya fi yawa a wajenmu shi ne ƙurar hunturu, wadda kan haɗu da zare da gashi ta dunƙule tsakanin fanka da farantan, iska ta rasa hanyar fita. Sai kuma man da ake shafawa tsakanin firosesa da ƙarfen, wanda kan bushe ya farfashe bayan shekaru. Buroshi da sabon mai sun isa, kuma kuɗinsu bai kai na sabon ƙarfe ba. Ka ce a nuna maka: in bututun ya lanƙwashe ko ya huje, ko kuwa kwamfuta na aiki bakinsa na wajen firosesa ya yi zafi jau alhali ɗaya bakin na nan da sanyinsa, to ya mutu da gaske.

In canjin ya zama dole, ka tsaya a yi a gabanka. A cire caja, a zare batir tun kafin sukundireba ta taɓa komai. A tabbata ƙarfen na ainihin samfurin kwamfutarka ne, don ko kamfani ɗaya ne ya ƙera su, ramukan kusoshi kan bambanta. A goge tsohon man tas da sifirit da ƙyalle mai tsabta, a ɗiga sabo gwargwadon ƙwayar shinkafa. Wasu kan lafta shi, wai yawa shi ne kyau; ɓarna ce kawai. Man goge baki kuwa, da wasu ke sawa don sun yi kama a ido, ruwa ne a cikinsa, nan da nan zai bushe a koma gidan jiya.

Kusoshin ƙarfen galibi suna da lamba a gefensu, 1, 2, 3, 4. A bi lambar, a riƙa ɗaurewa kaɗan-kaɗan, saboda in aka matse gefe ɗaya tun farko ƙarfen ba zai kwanta daidai ba, firosesar ma tana iya tsagewa. Kada a manta da mayar da wayar fanka, kada kuma ka yarda a kunna kwamfutar babu ƙarfen a kai da sunan gwaji.

Bayan ka koma gida, ka daina ɗora ta a kan katifa ko filo, domin yawancin laftof ta ƙasa suke shan iska. Ka samu katako ko tebur, kuma duk ƙarshen hunturu, kafin bazara ta kankama, ka kai a share mata ƙura.