Masu Ceton Macizai a Ƙasar Indiya: Nazari a kan Kishin Sana'a da Gurɓacewar Niyya

1.0 Gabatarwa

A harshen Hausa kalmar "ceto" tana da nauyi ƙwarai. Ana ceton wanda ruwa ya ci, ana ceton wanda ya faɗa rijiya, sa'an nan a fagen addini ana maganar ceto a ranar hisabi. Saboda haka duk wanda aka kira "mai ceto" an riga an yi masa shaidar kyakkyawar niyya tun ba a ga aikinsa ba. A ƙasar Indiya akwai dubban mutane da ake kira da suna mai irin wannan ma'ana, aikinsu kuwa shi ne fid da maciji daga ɗaki ko rijiya ko rumbu ba tare da an kashe shi ba. A jihar Maharashtra ana ce da irinsu "sarpamitra", watau abokin maciji. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda wannan aiki ya samo asali, da dalilan gaba da ke tsakanin masu yinsa, da kuma hanyoyin da niyyar waɗansunsu take karkacewa, har ta kai ga asarar ran maciji da na ɗan Adam.

2.0 Asalin Aikin

Indiya ce kan gaba a duniya wajen yawan mutanen da saran maciji yake kashewa. Wani babban bincike da aka buga a 2020 ya ƙiyasta cewa daga 2000 zuwa 2019 mutum wajen miliyan 1.2 suka mutu ta wannan hanya, watau kimanin 58,000 ke nan a kowace shekara, akasarinsu mutanen karkara. Macizai iri huɗu ne suka fi yin wannan ɓarna: gamsheƙar Indiya, da wani mai yawon dare da ake kira kirait, da wani dangin kasa mai ɗauke da sunan Russell, da kuma kububuwa. Ita wannan ta ƙarshe 'yar uwa ce ta kusa ga kububuwar da ta addabi manoman Kaltungo da kewayenta.

Tun zamanin da, akwai ƙabilun da suka gaji mu'amala da maciji. A arewacin ƙasar akwai Sapera da Kalbeliya, masu yawo da gamsheƙa a kwando suna busa mata sarewa. A kudu kuma akwai Irula, gwanayen bin sawu, waɗanda suka daɗe suna kamo macizai don cinikin fata. A 1972 aka kafa dokar kare namun daji, wadda ta hana kamawa da ajiye macizai ba da izni ba, a tsakiyar shekarun 1970 kuma aka hana fitar da fatarsu zuwa ƙasashen waje. Da aka tsananta aiki da dokar, sai wasa da maciji a titi ya ja baya. Amma dokar ba ta hana maciji shiga gida ba. Hasali ma, garuruwa sun yi ta faɗaɗa suna cinye gonaki da fadamu, juji ya tara ɓeraye, ɓeraye kuma suka jawo macizai. Ma'aikatan gandun daji ba su da yawan da za su amsa kowane kira. Wannan giɓi ne 'yan sa kai suka cike, da yawansu matasa waɗanda ba su gaji aikin ba, sun dai koya ne daga aboki ko daga kallon talabijin.

Ya kamata a faɗa tun daga nan cewa da yawa daga cikinsu mutanen kirki ne, masu fita da tsakar dare da kuɗin mansu, suna kuma wayar da kan jama'a cewa asibiti ake kai wanda maciji ya sara. Abin da za a tattauna a ƙasa bai shafe wannan alheri ba.

3.0 Tushen Gaba

Ana iya kasa dalilan gabar gida uku.

Na farko shi ne rigimar yanki. Aikin ya dogara ne ga kiran waya, kuma wanda lambarsa ta fi yaɗuwa a unguwa shi ake kira. Ta haka kowane mai kamu yake ɗaukar waɗansu unguwanni tamkar gonarsa ta gado, in wani ya amsa kira a can sai a ce ya yi shisshigi. Wani lokaci mai gida yakan kira mutum biyu ko uku don ruɗewa, su tarar da juna a ƙofar ɗaki, gardama ta kaure a kan wanda zai sa hannu.

Na biyu shi ne gasar suna. Ana auna gwaninta da yawan macizan da mutum ya ce ya kama, da kuma haɗarinsu. Wanda ya kama sarkin gamsheƙa, macijin da ya fi kowane mai dafi tsawo a duniya, har yakan wuce mita biyar, ya fi daraja a idon jama'a bisa wanda ya fid da ɗari marasa dafi. Zuwan Facebook da YouTube ya ƙara wa wutar mai, domin hoton da ya fi ban tsoro shi ya fi samun masu kallo, masu kallo kuwa suna jawo talla da gayyata da kyauta.

Na uku, wanda ya fi sauran zurfi, shi ne saɓani a kan hanyar kamu. Akwai masu kamun hannu, waɗanda suke cafke maciji ta wutsiya ko ta wuya, su ɗaga shi jama'a su gani. Akwai kuma masu bin tafarkin masana, waɗanda suke amfani da ƙugiya da jaka mai bututu a baki: a ajiye jakar a jikin bango, a karkata macijin da ƙugiya, shi da kansa ya shige don yana zaton rami ne. Wannan hanya ba ta da armashi ga 'yan kallo, amma cikin 'yan mintoci an gama. Na farko suna ganin na biyu matsorata ne masu ilmin takarda, na biyu kuma suna ganin na farko 'yan wasa ne da suka ari rigar ceto.

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na Vava Suresh, mutumin Thiruvananthapuram a jihar Kerala, wanda ya yi fice da kamun hannu har yana da shirinsa a talabijin. A ranar 31 ga Janairu 2022 gamsheƙa ta sare shi a cinya a gundumar Kottayam yayin da yake ƙoƙarin sa ta a buhu, a gaban jama'a masu ɗaukar hoto. Ya yi kwanaki a asibiti rai a hannun Allah kafin ya farfaɗo. Jihar ta rabu biyu a kansa. Masoyansa suka ce ya ceci gidaje masu yawa kuma ya rage wa mutane ƙiyayyar maciji. Masana da likitoci da dama suka ce hanyarsa tana jefa shi da 'yan kallo cikin haɗari, kuma yara suna kwaikwayonsa. Shi kuwa da ya fito ya yi kukan cewa akwai masu yi masa zagon ƙasa don a daina kiransa.

4.0 Inda Niyya Take Karkacewa

Hausawa sun ce da walakin, goro a miya. Maciji da ya shiga jakar mai kamu yana da daraja ta fuskoki da dama, kuma kowace fuska jarrabawa ce.

Fuska ta farko ita ce hoto. Maimakon a saki macijin nan take, sai a ajiye shi kwanaki a gida ana fito da shi ana ɗaukar hoto, ana rataya shi a wuya, har ma ana sumbatar kansa. A farkon 2017 wani saurayi mai wannan aiki a yankin Navi Mumbai ya rasu bayan gamsheƙar da ya kama ta sare shi lokacin da yake ƙoƙarin sumbatarta. Irin wannan mutuwa ta sha faruwa, kuma abin lura shi ne sau da yawa saran yakan zo ne bayan an gama kamun, a lokacin nuna gwaninta.

Fuska ta biyu ita ce kuɗin mai gida. Mutumin da gamsheƙa take ƙarƙashin gadon 'ya'yansa ba ya ciniki. Karɓar kuɗin mai ko ladan wahala ba laifi ba ne, amma akwai masu tsawwalawa, akwai kuma masu kiran maciji marar dafi da sunan mai dafi don farashi ya hau.

Fuska ta uku ita ce fatauci. Akwai wani maciji marar dafi, ja, mai zama cikin rairayi, wanda wutsiyarsa take kama da kansa, har ana kiransa mai baki biyu. Camfi ya sa ana cewa yana jawo arziki, don haka ake sayensa da tsada a ɓoye. Wani rahoto na ƙungiyar kare namun daji ya lissafa karo 172 da hukuma ta kama ana fataucinsa daga 2016 zuwa 2021, Maharashtra ce kuma ta fi yawa. Mai kamu shi ne mutumin da irin wannan maciji yake faɗowa hannunsa ba tare da ya nema ba, kuma sunan ceto yana ba shi hujjar yawo da jaka.

Mafi munin misali ya faru a gundumar Kollam ta Kerala a 2020. Wani magidanci ya sayi macizai daga hannun wani mai kamu don ya kashe matarsa. A watan Maris ya sakar mata dangin kasa, ta sha da ƙyar bayan doguwar jinya. A watan Mayu ya sakar mata gamsheƙa tana barci, ta rasu. Mai kamun ya zama shaidar gwamnati, a watan Oktoba 2021 kuma kotu ta yanke wa mijin ɗaurin rai da rai.

5.0 Makomar Macijin da Aka Ceta

Ko da niyya ta yi kyau, akwai sauran tambaya: shin macijin ya cetu? Yawanci akan kai shi daji mai nisa a sake shi, a ɗauka an yi masa gata. Binciken masana ya nuna akasin haka. Maciji yana da yankin da ya sani, da ramukansa da wuraren farautarsa. A tashar bincike ta Agumbe a jihar Karnataka, wadda Romulus Whitaker ya kafa a 2005, an sa wa sarakunan gamsheƙa ƙananan na'urorin rediyo aka bi su, sai aka ga wanda aka ɗauke daga yankinsa ya yi ta gararamba fiye da waɗanda aka bari a nasu. A Amurka ma nazarin macizai masu ƙararrawa a wutsiya ya nuna cewa waɗanda aka kai nesa sun fi saurin mutuwa. Bugu da ƙari, riƙon wuya da ƙarfi yana raunata maciji, tara iri daban-daban a jaka ɗaya kuma yana yaɗa cuta. Shi kuwa mai gida, muddin juji da ɓeraye suna nan, wani macijin zai maye gurbin wanda aka ɗauke.

6.0 Ƙoƙarin Gyara

A watan Agusta 2020, 'yan watanni bayan kisan Kollam, ma'aikatar gandun daji ta Kerala ta fito da ƙa'idoji: ba mai kama maciji sai wanda ya sami horo da takardar shaida, da ƙugiya da jaka za a yi aiki, kuma an hana nuna maciji ga 'yan kallo. An kuma fito da manhajar waya mai suna SARPA, kalmar da take nufin maciji a harshen Sanskrit, wadda take haɗa mai gida da mai kamu mafi kusa, ana kuma rubuta kowane kamu a cikinta. Hikimar tsarin ita ce ya taɓa tushen gabar: kira ya daina zama mallakar mai suna, macijin da aka rubuta kuma da wuya ya ɓace a hanya.

Akwai wani tsari da ya girmi wannan. A 1978 Whitaker ya taimaka wa Irula suka kafa ƙungiyar gama kai kusa da Madras, wadda yanzu ake kira Chennai. Suna kamo macizai bisa adadin da gwamnatin Tamil Nadu ta ba su izni, su ajiye su 'yan makonni a tukwanen ƙasa, su tatsi dafinsu, su yi musu alama, su mai da su daji. Mafi yawan dafin da ake haɗa allurar makari da shi a Indiya daga wurinsu yake fitowa. A 2017 biyu daga cikinsu, Masi Sadaiyan da Vadivel Gopal, suka je jihar Florida ta Amurka don kamun mesa, a 2023 kuma gwamnatin Indiya ta ba su lambar girma ta Padma Shri. Irula ba su taɓa ɓoye cewa abinci suke nema ba, amma amfanin aikinsu ga rayukan jama'a ya fi na masu kirari da yawa.

7.0 Kammalawa

Mai nazarin al'adun Hausawa zai ga kamanni tsakanin mai kamun hannu na Indiya da gardi, wanda yake wasa da maciji ko kura a kasuwa, yana tallar makari. Karin maganar nan ta "kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi" ta nuna cewa Bahaushe ya daɗe da gane wanda yake wahala da wanda yake cin riba a irin wannan hulɗa. Bambancin shi ne gardi bai ce ceto yake yi ba, saboda haka jama'a sun san ma'aunin da za su auna shi. Wanda ya ɗauki sunan mai ceto kuwa, sunan yakan rufe bakin mai tambaya. Abin da ya faru a Kerala da Tamil Nadu ya nuna cewa tambayoyin da suka dace guda uku ne: minti nawa macijin ya yi a hannu, ina aka sake shi, kuma wa ya rubuta. Duk hukumar da take son tsara irin wannan aiki, a Indiya ko a wata ƙasa, da waɗannan tambayoyi za ta fara.