Ma'anar "Sabo" a Dokar Mallakar Ƙirƙira: Misali daga Layin Maikirositirif

1.0 Gabatarwa

A Kafanchan, inda Fantswam da Bajju da Atyap da Ham da Hausawa suke cuɗanya, Hausa ce harshen kasuwa, kuma da ita masu gyaran wayar hannu suke koyar da yaransu. Tun zuwan wayar salula Nijeriya a 2001, waɗannan masu sana'a suke ta'ammali da wata fasaha da har yau ba ta da tsayayyen suna a Hausa. Wannan maƙala za ta duba kalma guda, wato "sabo", da yadda ma'anarta ta yau da kullum take saɓa wa ma'anarta a doka idan aka zo tantance ƙirƙira a wannan fanni.

2.0 Layin Maikirositirif

Maikirositirif siririn layi ne na jan ƙarfe, shimfiɗe a saman allon da ba ya ɗaukar lantarki, sa'an nan an lulluɓe bayan allon da wani jan ƙarfen. Ta wannan layi saƙon rediyo yake bi daga eriya zuwa sauran sassan waya. Grieg da Engelmann ne suka bayyana shi a rubuce a Amurka a 1952, kuma a 1965 Wheeler ya fitar da ƙa'idojin lissafinsa.

Faɗin layin, da kaurin allon, da irin abin da aka yi allon da shi, su suke yanke yadda layin zai karɓi saƙo. Ma'aunin da aka fi bi shi ne om 50. A kan allon da ake kira FR-4 mai kaurin milimita 1.6, ana samun wannan ma'auni da layi mai faɗin kimanin milimita 3. Idan layi biyu masu ma'auni daban suka haɗu, wani ɓangare na saƙon yakan komo baya. Tarihin jirgin ƙasa ya ba da kwatanci: tsohon layin Zariya zuwa Jos faɗinsa ƙafa 2 da inci 6 ne, babban layi kuwa ƙafa 3 da inci 6, don haka tilas a sauke kaya a sake loda su. Da reshen Kafanchan zuwa Jos mai cikakken faɗi ya fara aiki a 1927, wannan wahala ta kau, aka kuma rufe ƙaramin layin a 1957. Yawancin aikin mai zana maikirositirif neman kauce wa irin wannan sauke-lodi ne.

3.0 Abin da Doka Take Nufi

Dokar mallakar ƙirƙira da zane ta Nijeriya ta 1970 ta gindaya sharuɗɗa uku: abin ya zama sabo, ya zama sakamakon aikin basira, ya kuma yiwu a yi amfani da shi a masana'antu. Abu yana zama sabo ne in ba ya cikin ilmin da aka riga aka bayyana wa jama'a a ko'ina, a kowane lokaci, ta rubutu ko ta baki ko ta amfani, kafin ranar shigar da takarda.

A ɗauka wani ɗalibin fasaha a Kafanchan ya zana layin da yake raba saƙo gida biyu, ya auna shi don megahaz 900, kowane reshe rubu'in tsawon zango. Ba a taɓa ganin irinsa a garin ba, kuma bai kwafa daga kowa ba. A Hausar yau da kullum wannan sabon abu ne. A doka kuwa za a tambaya ko ya bambanta da marabar da Wilkinson ya bayyana a 1960. In canjin tsawo da faɗi kawai ya yi don ya dace da wani zango, to, ko da ba a taɓa buga waɗannan lambobi ba, kowane ma'aikacin fannin zai iya fitar da su daga lissafi, sharaɗi na biyu ya kayar da shi ke nan. Abin da zai iya tsira shi ne wani tsari na lanƙwasa ko tsaga da ya ba da sakamakon da masana ba za su zata ba.

Akwai tarko biyu a nan. Na farko, dokar ba ta ambaci harshe ba. Bayanin da ɗalibin ya yi da baki, da Hausa ko da Jju, a gaban jama'a, yana iya kashe sabuntar ƙirƙirarsa da kansa. Sassaucin wata shida da doka ta ba da ya shafi nunawa ne a baje-kolin ƙasa da ƙasa da hukuma ta amince da shi. Na biyu, magatakardan rajista a Abuja yana duba cikar takardu ne kawai, ba ya binciken sabunta. Ana ba da takardar mallaka ta shekara 20 ba tare da lamunin ingancinta ba, kuma Babbar Kotun Tarayya tana iya soke ta. Mutum yakan biya kuɗi, ya rataye takarda a bango, alhali abin da ya mallaka shari'a ce mai jiran rana.

4.0 Matsalar Kalma

Kalmar "sabo" tana auna abu da sanin mai magana: sabuwar riga, sabon malami, sabon wata. Wata kuwa ba sabo ba ne. Bugu da ƙari, rubutun boko ba ya nuna karin sauti, saboda haka "sabo" kishiyar tsoho da "sabo" na sabawa da abu siffarsu ɗaya a takarda, ga shi ma'anoninsu sun kusa zama kishiyoyi. Haka "sabunta" take ɗaukar suna da aikatau, kuma aikatau ɗin, wato mayar da tsoho sabo, shi ne ainihin abin da doka ba ta karɓa in ba basira a ciki.

Sauran kalmomin ma kowace da nauyinta. "Baƙo" sabo ne a wuri, tsoho a garinsu. "Bidi'a" ta fi kusa ta fuskar ma'ana, amma addini ya riga ya yi mata lodi. "Ƙago" tana da dangantaka da "ƙage", ga kuma warin ƙarya. "Ƙirƙira" ta dace da aikin kansa, sai dai ba ta faɗi ko wani ya riga mutum ba.

Abin da ya fi dacewa shi ne a bar "sabo" ga zance, a fassara sharaɗin farko da "rashin magabaci", na biyu da "aikin basira", ilmin da ake auna su da shi kuma a kira shi "bayyanannen ilmin fanni". "Magabaci" tana ɗauke da tambayar da mai bincike zai yi: wa ya riga, a ina, yaushe? Mai gyaran waya da aka ce masa zanensa ba sabo ba ne zai yi musu, domin ya san daren da ya kwana a kansa. In aka ce masa zanen yana da magabaci a Amurka tun 1960, zai nemi a nuna masa.